Akori-kura 'yar shekara hamsin da sabon kwanon jiki

 

Kusan kowace unguwa tana da irin motar nan. Tsohuwar akori-kura ce a jikin katanga, tayoyi sun sace sun nutse a ƙasa, gilashin gaba ya tsage, awaki na hutawa a ƙarƙashinta da rana, yara kuma sun mai da sitiyarinta abin wasa. Duk wanda ka tambaya sai ya ce mai ita yana nan zai tada ta. A yi shekara biyar, a yi goma, ba ta tashi ba. Ranar nan sai ka ga 'yan gwangwan sun iso da guduma da sikeli, sun sassare ta sun auna a kilo.

A Amurka akwai ɗimbin mutane da irin wannan motar ce abin nemansu, kuma yawancinsu ba makanikai ba ne. Wani malamin makaranta ne, wani manomi, wata ma'aikaciyar jinya, wani kuma tsoho ne da ya yi ritaya yana neman abin da za su riƙa yi shi da jikansa. Mutum zai sayi ruɓaɓɓiyar akori-kura da ta girme shi, ya janyo ta zuwa garejin da ke jikin gidansa, ya riƙa taɓa ta Asabar da Lahadi. Shekara biyu, uku, wani ma har goma, sai ta fito kamar yau aka sauke ta daga kamfani. Saboda yawan masu wannan sha'awa har kasuwa guda ta tsiro, ta kamfanonin da ke buga sababbin fallayen jikin mota, ƙofa da bonet da mudigad da daɓe, na motocin da aka daina ƙerawa shekaru hamsin da suka wuce.

Wanda ya ji haka zai ɗauka aiki ya zo da sauƙi, a cire ruɓaɓɓe, a ɗaura sabo, a fesa fenti, shi ke nan. Mu ma haka muka ɗauka, sai da jami'a ta tura mu horon sanin makamar aiki a garejin wani fanelbita, muka lalata ƙofa guda da hannunmu. Za mu zo kan wannan abin kunya. Bari mu fara da motar.

Za mu ɗauki misali da Chevrolet C10, domin tana cikin waɗanda aka fi rububin gyarawa. Kamfanin General Motors ya fara fito da jerin akori-kurar da ya kira C/K a shekarar 1960. Harafin C na nufin tayoyin baya kaɗai ke ja, K na nufin duka huɗun suna ja, lamba 10 kuma ajin motar da ke ɗaukar rabin tan ce. Ƙirar da aka fi so ita ce ta 1967 zuwa 1972. Asalinta motar wahala ce, ta gona da wurin gini, wasu ma daɓen bayansu na katako ne, alluna aka jera aka danne da siraran ƙarafa. Injinta ko dai mai silinda shida ko V8 mai takwas, babu kwamfuta a ciki, mai sifana da sukundireba da haƙuri zai iya kwance shi ya mayar. An ƙera ta da yawa, don haka kayan inji ba sa wuyar samu. Abin da ke kashe waɗannan motoci jiki ne, wato tsatsa.

Ku da ke ajin kimiyya kun san darasin. Idan ƙarfe ya haɗu da iskar oksijin da ruwa, sai ya rikiɗe ya zama jan garin nan da malamin kemistiri ke rubutawa Fe2O3 haɗe da ruwa. Abin da ba a cika tsayawa a kai ba a aji shi ne halin ita tsatsar. Alminiyam ma yana haɗuwa da oksijin, amma fatar da yake yi siririya ce mai ƙarfi, tana manne masa ta toshe hanya, sai cin ya tsaya. Tsatsar ƙarfe kuwa tana kumbura, tana ɓarewa, tana shan ruwa kamar soso, kullum tana buɗe sabon wuri a ƙarƙashinta. Ba ta tsayawa da kanta sai ƙarfen ya ƙare.

To sai a ƙara gishiri. A jihohin arewacin Amurka irin su Michigan da Ohio da New York, idan hunturu ya zo ana barbaɗa gishiri a kan tituna, saboda gishiri na sa ruwa ya yi wuyar daskarewa, ƙanƙara ta narke, motoci su daina santsi. An tsirar da rayuka, amma an ba tsatsa abinci. Tsatsa a asalinta musayar lantarki ce tsakanin sassan ƙarfen, ruwan gishiri kuwa ya fi ruwa zalla ɗaukar lantarki nesa ba kusa ba. Tayoyi su watsa wannan caɓi a ƙarƙashin mota, ya shige lunguna ya kwanta wata da watanni. Motocin wancan zamani kuma ba a lulluɓe ƙarfensu da tutiya ba, irin wadda ke kare kwanon rufinmu, sai daga wajen shekarun 1980 yawancin kamfanoni suka rungumi hakan sosai. Shi ya sa C10 da ta yi rayuwarta a busasshiyar jiha kamar Arizona ta fi 'yar'uwarta ta Ohio daraja a kasuwa, ko da rana ta ƙone fentinta. Shi ya sa kuma idan babanku zai sayi motar da aka shigo da ita daga Amurka, gara a leƙa ƙarƙashinta da tocila kafin a tsaya yaba ƙyallin jiki.

Cin tsatsa irin na gara ne a azara, daga ciki take farawa. A C10 an san wuraren da take kwana: dokin ƙofa, wato dogon ƙarfen da ake tsallakewa a shiga mota, da kusurwoyi biyu na ƙasan gidan direba ta baya, da daɓen da ake taka ƙafa, da gindin ƙofofi, da ƙasan mudigad. Duk wurare ne masu kogo, an bar musu ƙananan ramukan da ruwa zai fita, ganye da laka suka toshe. A waje ba ka ganin komai sai ɗan ƙurji a jikin fenti. Ka danna da sukundireba, sai ya zarce ciki gaba ɗaya.

Wanda ya tarar da haka yana da hanya uku. Ko ya nemo wata matacciyar mota daga busasshiyar jiha ya yanko sashen da yake so. Ko ya dace da falle na asali da aka buga tun wancan lokaci ya kwana a sito ba a sayar ba, wanda ya yi ƙaranci, tsadarsa kuma sai mai hali. Ko kuma ya sayi na kwaikwayo. Kamfanoni irin su LMC Truck da ke garin Lenexa a jihar Kansas suna buga kundin kaya mai kauri, an zana motar a warwatse, kowane noti da lambarsa. Mutum na zaune a gida zai yi odar dokin ƙofa ko daɓe, a kawo masa a kwali. Wasu samfuran ma har gidan direba sukutum ana sayarwa sabo. Mafi yawan waɗannan fallaye a Taiwan ake buga su. Wanda ya taɓa raka wani Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ya ji ana tambaya, "Na asali kake so ko ɗan Taiwan?" To ashe Ba'amurken ma wannan tambayar yake fama da ita.

A nan ne wanda bai sani ba yake shan mamaki. Ya buɗe kwali, falle sabo fil, baƙi yana sheƙi, ya kara shi a jikin mota, sai ya ƙi zama. Nan ya yi tsawo, can lanƙwasar ba ta kai ba, ramin noti ya goce da rabin yatsa. Dalilan suna da yawa, kuma ba duka ne laifin mai bugawa ba.

Ana yin fallen mota ne da mazubi, kamar yadda mai bulo ke da nasa, sai dai wannan tagwaye ne na ƙarfe mai nauyin gaske, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. A sa shimfiɗaɗɗen ƙarfe a tsakani, inji ya matse, ya fito da siffa. Mazuban asali na shekarun 1960 yawanci sun cinye ko an narkar da su. Mai kwaikwayo sai ya samo tsohon falle ya auna, ya sassaƙa sabon mazubi daga gare shi. Kun san yadda hoton takarda yake idan aka yi kwafin kwafi, layuka sukan fara dushewa. Haka kaifin lanƙwasa ke raguwa. Ga shi kuma ƙarfe yana da taurin kai, idan aka matse shi aka saki yakan ɗan koma baya kaɗan, sai wanda ya ƙware ya lissafa hakan tun a mazubi. Wani kamfanin kuma yakan rage kauri don ya rage kuɗi, alhali ƙarfen asalin ya kai milimita ɗaya ko ya ɗara kaɗan.

Ita ma motar ba a miƙe take ba. Tun a kamfani ba a tsananta awo wa motar gona kamar yadda ake yi wa motocin yau ba. Sannan ta yi shekara hamsin tana ɗaukar kaya fiye da ƙima, ta faɗa ramuka, wataƙila an taɓa buge ta an gyara, robobin da gidan direba ke zaune a kansu sun lotse. Ko da fallen ya fito daidai da zanen 1969, motar da ke gabanka ta daɗe da barin zanen. Don haka masu wannan aiki suna ɗaukar fallen kwaikwayo kamar rigar kanti. Ka saya, amma sai tela ya rage nan ya saki can kafin ta zauna a jikinka.

Tsarin aikin shi ne ya fi burge mu, domin kusan duk kuskuren da ake yi na gaggawa ne. Kafin a kwance komai ana ɗaukar hotuna ta kowace fuska, kowane rukunin noti a sa shi a leda a rubuta inda ya fito, don bayan shekara biyu babu kan da zai tuna. Ba a yanka tsohon ƙarfe sai sabon ya iso an kara an gani. Kuma ba a yanka dokin ƙofa haka kawai. Shi ne ke riƙe da ƙasan gidan direba, idan aka cire shi ba tare da tokari ba, ramin ƙofar zai motsa ba ka sani ba, sai ka gama walda ƙofa ta ƙi rufuwa. Saboda haka ana fara walda sandunan ƙarfe a gicciye a cikin ramin su riƙe shi, a auna daga kusurwa zuwa kusurwa a rubuta.

Ita ƙofar ce ma'auni. Ana fara gyara maratayanta, a canza ƙusoshin da suka cinye don ta daina saukowa, a daidaita ta da jikin motar tun tsohon ƙarfe na nan. Daga nan duk wani sabon falle da ita za a gwada shi. Ana son tazarar da ke tsakanin ƙofa da abin da ke kewaye da ita ta zama ɗaya daga sama har ƙasa, wajen milimita 4 zuwa 5. Sai a ɗafe sabon falle da matsi ko ƙananan sukurori, a rufe ƙofa, a ja da baya a duba, a cire, a rage da giranda, a ɗan buga, a mayar. Ana iya yin haka sau goma a kan falle ɗaya kafin wuta ta taɓa shi. Wani abin da muka ga hikimarsa shi ne, ba dole ba ne a yi amfani da fallen duka. Idan tsatsa ta ci faɗin tafin hannu ne, sai a yanko daidai nan daga sabon, a wuce iyakar tsatsar kaɗan zuwa lafiyayyen ƙarfe, a bar sauran na asali a wurinsa, tunda shi ya riga ya san motar.

A kamfani, da ɗigon walda aka haɗa fallayen, injin lantarki ya matse biyu ya narkar da wuri ɗaya kamar ƙwayar wake, ya matsa gaba ya sake. Mai gyara a gida sai ya bi waɗannan ɗigo ɗaya bayan ɗaya ya huda na sama ya bar na ƙasa, ɗaruruwa a mota guda. Wajen mayarwa sai ya huda ramuka masu faɗin milimita 8 a gefen sabon fallen, ya cike kowanne da walda ya kama na ƙasa. Injin da aka fi amfani da shi ana kiransa MIG. Siririyar waya ce mai kaurin milimita 0.6 ke fitowa da kanta daga bakin bindigar, iskar agon da aka gauraya da kabon dayoksaid tana lulluɓe narkakken ƙarfen don kada oksijin ya shiga.

Yanzu ga labarin ƙofar. A satinmu na biyu a garejin, Oga ya ba mu wata tsohuwar ƙofar akori-kura da gindinta ya ruɓe, ya ce mu yanke mu sa faci. Mu uku ne 'yan jami'a, kowa da littafinsa na rubuta rahoto. Muka auna, muka yanka, facin ya zauna ɗas. Sai muka kama walda daga wannan gefe muka ja layi ɗaya santal har ɗaya gefen, ba tsayawa. Layin ya yi kyau, har muna ɗaukar hoto. Kafin mu gama murna ƙarfen ya huce, sai ga fatar ƙofar ta yi tudu da kwari kamar tabarmar da ruwa ya daka ta bushe. Ka danna nan ta yi ƙara ta bullo can.

Oga ya zo ya shafa da tafin hannu, bai ko duba da ido ba. Ya ce, "Injiniyoyi, wannan a wane aji aka koya muku?"

Muka ce, "Oga, ai waldar ta kama."

Ya ce, "Ta kama. Ƙofar fa?"

Abin haushin shi ne mun san dalilin, mun ma rubuta shi a jarrabawa. Ƙarfe idan ya yi zafi yana buɗewa, idan ya huce yana tsukewa. Wurin da aka narkar yana so ya buɗe, sanyayyen ƙarfen da ke kewaye ya hana shi, sai ya cushe a kansa. Da ya huce sai ya tsuke ya zama gajere fiye da yadda yake a da, ya janyo duk abin da ke gefensa. A kan ƙarfe mai kauri ba a gani sosai. A kan falle mai milimita ɗaya, ƙofa ce guda ta tafi. Oga ya kira wani yaron shagon da bai kai mu shekaru ba, ya nuna mana. Ɗigo ɗaya a nan, ya tsallaka can nesa ya sa wani, ya dawo tsakiya, ya ajiye ya jira har sai ya iya ɗora hannu a wurin. Tsakanin ɗigo da ɗigo ya sa 'yar maƙerar hannu a baya ya ɗan daddaka waldar da guduma, don ya miƙar da abin da ya tsuke. A haka har ɗigon suka haɗe suka zama layi. Abin da muka yi a minti biyu ya ɗauke shi fiye da awa guda. Daga baya da muka bincika yadda masu gyaran C10 ke yi a garejin gidajensu, sai muka tarar wannan hanyar ce dai, ba bambanci.

Tunda an zo maganar wuta, akwai abin da ba a wasa da shi. A C10 ta 1967 zuwa 1972, tankin mai a cikin gidan direba yake, a tsaye a bayan kujera, sai a ƙirar 1973 aka fitar da shi waje. Kusurwoyin bayan da tsatsa ta fi ci kuwa a gindinsa suke. Dole a cire tankin a kai shi nesa kafin a kunna giranda, balle walda. Kada wani ya ce ai babu mai a ciki. Tankin da aka juye ya fi cikakke haɗari, saboda tururin fetur da ya gauraya da iska shi ne ke fashewa. Haka nan ba a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, sai an tokare da ƙafafun ƙarfe. Tsohon fenti na iya ƙunsar dalma, tsohon birki na iya ƙunsar asbestos, hayaƙin waldar ƙarfe mai tutiya na sa zazzaɓi, hasken walda kuma na ƙona ido, wanda ya taɓa kwana yana jin kamar an zuba masa yashi a ido ya sani. Muna faɗa ne don mun san akwai masu zuwa gareji lokacin hutu a cikinku.

Bayan walda sai a goge, a shafa fila, farin ƙullin nan da ake kwaɓawa da ɗan maganin da ke sa shi daskarewa. Fila ba laifi ba ce. Aikinta ta cike 'yan ƙananan kwarin da guduma ta bari, kaurinta kada ya wuce milimita 3. Amma ita ce kuma babbar hanyar ha'inci a wannan sana'a, a can da nan. Mai son ya sayar da mota da wuri ba zai yanke tsatsa ba. Zai cusa raga ko ma tsohuwar jarida a ramin, ya lafta fila, ya goge, ya fesa fenti mai ƙyalli. Wata shida, shekara guda, ƙurajen su dawo, domin tsatsar na nan a ƙasa tana ci. Masu saye a Amurka sukan tafi da ɗan mayen ƙarfe a aljihu, su bi gindin ƙofa da kusurwoyi da shi. Inda ya manne akwai ƙarfe, inda ya faɗo ƙulli ne. Kuma maganar ta wuce ta kyau. A daɓen nan ne aka ɗaure kujera da bel ɗinta, a nan ne gidan direba ya kama casis. Ranar da aka yi karo, ƙulli ba zai riƙe kowa ba.

Mai aikin kirki kuma ba ya tsayawa a fuskar da ake gani. Baƙin fentin da sabon falle ke zuwa da shi ma sai an gwada shi, a jiƙa tsumma da tina a goga. Idan ya bi tsumman, na banza ne, sai an kankare shi duka. Sannan a fesa fentin farko mai hana ruwa shiga, a toshe bakin kowace mahaɗa, a fesa kakin hana tsatsa a cikin kogunan da hannu ba ya kaiwa, a tabbatar ramukan fitar ruwa a buɗe suke. Bayan waldar, wanda ba mai ganinsa, shi ne wurin da tsatsa ke fara dawowa idan aka bar shi tsirara.

Akwai wata gardama da masu wannan sha'awa ba su gama ba. Idan ka canza daɓe, da ƙofofi, da mudigad, da bonet, da bodin baya, daga ƙarshe har gidan direba, shin motar 1969 ce har yanzu, ko sabuwa ce 'yar Taiwan mai tsohon suna? Tambayar ta girmi mota. Marubucin Girka Plutarch ya ba da labarin jirgin ruwan Theseus da mutanen Atina suka adana, duk katakon da ya ruɓe su cire su sa sabo, har masana suka rabu biyu a kan ko jirgin nan ne ko wani. Hukuma dai ta sauƙaƙa wa kanta, lambar da ke kan ɗan allon ƙarfen da aka kafe a ginshiƙin ƙofa da wadda aka buga a casis su ne motar, kuma wasa da su laifi ne babba. Su masu gyaran, wasu na son komai ya koma yadda ya fito daga kamfani har launin noti. Wasu na barin ƙonannen fentin yadda yake su gyara ciki kawai, suna cewa tabon ma tarihi ne. Wasu kuma siffar kaɗai suke so, su sa injin zamani da na'urar sanyaya ɗaki. Mu dai mun fi karkata ga wanda ya ceci duk ƙarfen da zai cetu, ya sa sabo inda ya zama dole, kuma ranar sayarwa ya faɗi gaskiyar inda ya taɓa.

Da muka koma kan tamu akori-kurar ta jikin katanga, sai muka ga ba ta rasa tarihi ba. Kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara harhaɗa motoci a 1975, kuma 404 da 504 masu buɗaɗɗen baya sun yi shekaru suna kai hatsi da mutane kasuwannin ƙauye. Busasshiyar iskar arewa ta yi musu irin gatan da Arizona ke yi wa C10, ba kamar Legas ko Fatakwal da iskar teku ke ɗauke da gishiri ba. Abin da ya fi cin bodinsu shi ne takin zamani da fitsarin dabbobi da aka bari ba a wanke ba. Babu kundin da za ka buɗe ka yi odar kusurwar 404 a kawo maka gida. Amma fanelbitanmu yana yanko shimfiɗaɗɗen ƙarfe, da guduma da guntun ƙarfen dogo ya fitar da lanƙwasar da ido, abin da Ba'amurke ke biyan kuɗi ya je a koya masa. Inda aikinmu ke faɗuwa shi ne awo, da kare bayan faci, da lokaci. Laifin kuma ba na mai gyara kaɗai ba ne, mai mota ne ke kawo ta yau ya ce gobe zai yi lodi, kuma ba zai biya kuɗin abin da ba ya gani ba. Ku da ke kwalejojin fasaha kuna koyon walda da ƙira, kuna da abin da mu 'yan jami'a uku muka rasa a ranar ƙofar nan, don haka ku daina sunkuyar da kai idan 'yan ajin kimiyya na fira.

Ga aikin wannan mako, ba ya bukatar walda. Ku samo kwalabe huɗu masu haske da ƙusoshi huɗu na ƙarfe zalla, ba masu farin rufin tutiya ba, ku goge su da samfefa su yi fes. A ta farko ku zuba ruwan famfo ya kai rabin ƙusar. A ta biyu ruwan gishiri, shi ma rabi. A ta uku ruwan da aka tafasa sosai ya huce, ya shanye ƙusar duka, ku zuba ɗan man gyaɗa a sama ya hana iska shiga. Ta huɗu a bar ta a bushe, a jefa 'yar jakar ƙwayoyin nan masu shan danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi, a rufe gam. Ku ajiye su mako guda kuna dubawa kullum, ku lura musamman da daidai inda ruwa ya haɗu da iska a kwalba ta ɗaya da ta biyu. Ku rubuta abin da kuka gani ku nuna wa malamin kimiyya, ku aiko mana mu ma, za mu buga na waɗanda suka fi bayani. Man gyaɗar kuma a tambayi Mama kafin a ɗiba.